Gara Na Cin Jarin Masu Gidaje A Ikorodu Da Agege

Ikorodu, Jihar Legas – Ɗan kasuwar da ya tara abin da ya tara a kasuwar Mile 12 ko a mayankar Oko-Oba ta Agege, har ya sayi fili a bayan gari ya kafa gida, yakan kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaga katanga da sa ƙofar ƙarfe da ɗaukar mai gadi domin tsoron ɓarayi. To sai dai kuma ɓarauniyar da ta fi daɗewa a cikin gida ta ƙarƙashin ƙasa take shigowa, kuma sau da yawa ba a farga da ita sai ranar da silin ya rufto, ko ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa, ko kuma aka ɗaga kwalin kaya a sito aka tarar da gindinsa ya zama ƙasa. Wannan ita ce gara, wadda Yarabawa ke kira ikan, tare da sauran ƙwarin da ke huda katako.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce a ko'ina cikin duniya. Wasu masana ƙwari biyu na ƙasar Amurka, Michael Rust da Nan-Yao Su, sun ƙiyasta a shekarar 2012 cewa asarar da gara ke jawowa, haɗe da kuɗin yaƙi da ita, ta kai dala biliyan 40 a kowace shekara. Ga mai gida ɗaya kuwa, lissafin ya fi sauƙin fahimta: rufi na daga cikin sassan da suka fi cin kuɗi a ginin gida, kuma a yawancin gidajen bayan garin Legas katako ne ke ɗauke da shi. Tun bayan da aka saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024. Saboda haka wanda gara ta cinye wa rufin da ya yi a shekarun baya, da sabon farashi zai sake shi.

Gonakin jiya, unguwannin yau

Dangantakar Hausawa da Agege ta samo asali ne daga fataucin goro da na dabbobi, ta kuma ƙara ƙarfi bayan da layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Badun a 1901, sannan ya haɗe da Kano a 1912. A wancan zamani Agege ƙasar gonakin goro ce da koko, fatake kuma suka kafa zango kusa da tasha, zangon da ya zama unguwa mai sarkinta da masallatanta da kasuwanninta. Gidaje da dama na tsohuwar unguwar sun shekara hamsin ko fiye a tsaye, kuma katakon rufinsu shi ne dai wanda aka ɗora tun farko.

Ikorodu kuwa, wadda ke arewa maso gabashin birnin a bakin tafkin Legas, labarinta na sabon gini ne. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun haura rabin miliyan, kuma tun bayan da aka faɗaɗa hanyar Mile 12 zuwa Ikorodu, aka kuma fara jigilar manyan motocin BRT a kanta a watan Nuwamban 2015, sai jama'a suka ƙara kwarara. Wuraren da a da gonakin rogo ne da dajin kwakwar manja a Igbogbo, da Ijede, da Isawo, da Gberigbe, da Imota, an yanyanka su fuloti-fuloti. 'Yan kasuwar Arewa da ke hada-hada a unguwar Sabo ta Ikorodu da kasuwar Mile 12 suna cikin masu saye, wasu domin zama, wasu domin haya, wasu kuma domin gina sito.

Abin da mai saye ba ya gani shi ne abin da aka bari a cikin ƙasa. Idan aka sare daji, akan bar kututture da saiwoyi a binne, a baje suri da katafila ba tare da an tono uwar garar ba, sannan a cike tushen gini da jar ƙasar da aka kwaso daga wani dajin. Garar da ta rayu a wurin tun kafin a yanka fulotin tana nan da ranta, abincinta kawai aka kawar, aka kuma kawo mata sabo a siffar ƙofofi da tagogi da katakon rufi.

Yanayin wurin ma yana taimaka mata. Ruwan saman da ke sauka a Legas yakan haura milimita 1,500 a shekara, cikin damina biyu, ta farko daga Afrilu zuwa Yuli, ta biyu kuma a Satumba da Oktoba, alhali a Kano bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, ga kuma rani mai tsawo da hunturu mai busar da komai. Wannan ne ya sa dabarun da mutum ya taso da su a Kano ko Katsina, inda katako ke bushewa ƙarau wata shida ko bakwai a shekara, ba sa wadatarwa a bakin teku, inda iska ke ɗauke da laima kusan shekara cur.

Gara iri-iri ce

Masana sun tantance kimanin nau'i 3,000 na gara a duniya, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke taɓa gine-gine. Sauran suna can daji suna aikin ruɓar da matattun itatuwa da juya ƙasa, aikin da manomi ke amfana da shi. Amma waɗanda ke shiga gida sun kasu kashi biyu, kuma wanda bai bambance su ba zai iya kashe kuɗinsa a kan maganin da bai dace ba.

Kashi na farko ita ce garar ƙasa. A cikinta akwai mai gina suri, wadda masana ke kira Macrotermes, da zagonta mai babban kai da kowane Bahaushe ya sani, wadda uwarta kan iya saka ƙwai har kusan 30,000 a rana guda. Akwai kuma Coptotermes, wadda ta fi son wurare masu laima irin na kudancin Nijeriya, ba ta kuma nuna kanta da tsauni a fili. Garar ƙasa ba ta jure bushewa da hasken rana, don haka duk inda za ta sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya ta laka, mai kaurin fensir ko yatsa, a jikin bango ko ta cikin ramukan bulo. Tana iya tafiyar mita gommai daga gidanta zuwa inda take ci, wato ke nan surin da ke cikin kangon maƙwabci ma abin dubawa ne. Tsagar da ba ta fi kaurin ƙumba ba a daɓen kankare ta ishe ta wucewa, domin kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kashi na biyu ita ce garar busasshen katako, musamman wadda ake kira Cryptotermes havilandi, 'yar asalin gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ita wannan ba ta da hulɗa da ƙasa ko kaɗan. Tana shigowa ne da fiffike ko a cikin tsohuwar kujera da kabad da aka sayo, ta zauna a cikin katakon, ta ci, ta hayayyafa a ciki. Alamarta ita ce wasu ƙananan ƙwayoyi masu tauri, kamar yashi ko ƙwayar gero ƙanana, da ke zubowa su taru a ƙarƙashin taga ko a kan silin. Feshin da aka yi wa tushen gini ba ya taɓa ta, kuma mutumin da ya saba da garar Arewa yakan ɗauki ƙwayoyin nan a matsayin ƙura kawai.

Bayan gara, akwai ƙwari masu huda katako, irin su Lyctus, waɗanda ke saka ƙwai a cikin farin ɓangaren katako mai sitaci, wato na kusa da ɓawo. Tsutsotsinsu ne ke ci daga ciki, sai sun girma su fito ta wasu 'yan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2, suna zubar da gari mai laushi kamar fulawa. Daga ƙarshe akwai ruɓa, wadda funfuna ke haddasawa a duk katakon da ruwan jikinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Ruɓa da gara abokan tafiya ne, inda kwano ke yoyo ko bututu ke ɗiga, nan ake fara samun su.

Cinikin katako: araha ba ta ado

Magabata a ƙasar Hausa sun san wannan matsala, shi ya sa suka zaɓi azara, wato tsagin giginya, wajen rufin soro, kasancewar gara ba ta iya ta da sauƙi. A kudu ma akwai itatuwa masu irin wannan juriya, kamar iroko, wanda Hausawa ke kira loko, da opepe, da eki, da kuma apa, wanda shi ne kawo. Da irin waɗannan aka rufa tsofaffin gidaje da dama na Legas, wasunsu kuma har yanzu suna tsaye.

To amma manyan itatuwan sun yi ƙaranci a dazuzzukan Ogun da Ondo da Edo, inda Legas ta daɗe tana samun gungume, wasu a kan manyan motoci, wasu kuma a ɗaure a kan ruwa har zuwa injinan yanka na Oko-Baba da ke Ebute Metta, waɗanda gwamnatin jihar ta gina wa sabon matsuguni mai suna Timberville a Agbowa-Ikosi, gabas da Ikorodu. Abin da ya fi yawa a kasuwannin katako shi ne itace mai laushi da saurin girma, irin su arere, da afara, da araba, wato rimi, da kuma malaina da ake shukawa a gandun daji. Arere da afara da rimi suna da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma ba su da wata kariya ta halitta daga gara ko ƙwari.

Akwai kuma wani abin da dillali ba zai faɗa ba sai an tambaya. Ko a itace mai juriya, tsakiyar gungumen ce mai duhu ke da juriyar, farin gefen ba shi da ita. Da yake yanzu ƙananan itatuwa ake sarewa, katakon da ake yankowa yakan zo da fari mai yawa a jikinsa, ana kuma sayar da shi ɗanye, kwana kaɗan bayan yanka. Mai saye zai biya kuɗin iroko, amma rabin katakon abincin ƙwari ne. Don haka masu gini da suka ƙware kan tsaya a gaban mai katako su zaɓa ɗaya bayan ɗaya, su ware mai farin gefe da mai ramuka, su kuma jera abin da suka saya a inuwa, a kan dandamali, da tazara tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, har ya bushe kafin kafinta ya taɓa shi.

Dangane da magani, al'adar da aka saba da ita a wuraren gini ita ce a shafa wa katako baƙin mai na mota ko wani maganin gwangwani irin Solignum da burushi. Shafe, ko da na magani mai kyau ne, fatar katako kawai yake ratsawa, kuma da zarar kafinta ya yanka ko ya huda, sai ɗanyen ciki ya bayyana. Baƙin mai kuwa ba a yi shi domin wannan aiki ba, launi yake bayarwa fiye da kariya, ga ƙarin haɗarin gobara. Tsoma katako cikin kwatarniyar magani na tsawon sa'o'i ya fi shafawa, wanda aka dura wa magani da ƙarfin inji a cikin tukunyar ƙarfe kuma ya fi duka. Duk inda aka yanka daga baya, wajibi ne a sake jiƙa bakin da magani. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Badun, wadda ta samo asali tun 1954, ta daɗe tana gwajin juriyar itatuwan ƙasar nan, kuma wuri ne da mai babbar kwangila zai iya neman shawara. Wasu masu hali kuma sun koma yin ƙashin rufi da ƙarfe, wanda ya fi tsada a farko, amma gara ba ta da rabo a cikinsa, illa dai a bakin teku sai an kula da tsatsa.

Yadda ake binciken gida

Bincike ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Tocila mai haske, da sukudireba, da tsani sun isa a fara, kuma ya kamata a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, haka nan kafin a biya kuɗin kowane gida da za a saya ko a kama haya mai tsawo.

Daga waje ake farawa. Mai bincike zai zagaya gindin bango yana neman hanyoyin laka, musamman a bayan tankin ruwa, da gefen ramin masai, da inda bututu ke shiga gini, da kuma inda aka haɗa sabon ɗaki da tsohon gini, domin mahaɗar kankare biyu ƙofa ce. Zai duba ko ƙasa ko furanni ko tarin yashi sun rufe gindin bangon, ya lura da kututture, da itacen girki, da ragowar katakon gini da aka jingine. Idan ya ga hanyar laka, sai ya karya tsakiyarta kaɗan ya dawo bayan kwana biyu ko uku. In ya tarar an gyara, to garar tana nan tana aiki.

A cikin gida, zai ƙwanƙwasa katakon ƙofofi da tagogi da gindin sukudireba, ya saurara. Katako mai lafiya yana da amo mai ƙarfi, wanda aka cinye kuwa sai ya yi ƙara kamar ganga, wani lokaci ma bakin ƙarfen ya nutse a ciki, domin gara takan cinye ciki ta bar fenti da siririyar fata a waje. Zai buɗe kabad ɗin kicin na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya janye akwatuna da kujeru daga jikin bango, ya dubi bayan allon wutar lantarki, domin gara kan bi bututun waya ta hau sama. Fentin da ya kumbura, da ƙofar da ta fara cijewa ba gaira ba dalili, da tarin fuka-fukai a bakin taga da safe, duk alamu ne.

Sashen da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne cikin rufi. Gidaje da yawa an rufe silinsu ruf ba tare da an bar ƙofar shiga ba, ta yadda shekara goma kan wuce ba wanda ya ga katakon da ke ɗauke da kwano. Barin wannan ƙofa ba ya cin komai a lokacin gini. Wanda ya hau zai fara da katakon da ke kwance a kan bango, wanda dukkan nauyin rufi ke kansa, sannan mahaɗun da aka buga ƙusa, da wuraren da ke da tabon yoyo.

Ga masu sito da shaguna, abin ya wuce batun gini. Gara tana cin kwali, da buhun algarara, da atamfa da shadda, da littattafan lissafi, har da takardun fili da takardun kuɗi da aka adana a akwatin katako. Ƙa'idar ita ce kada kaya su taɓa ƙasa ko bango: a ɗora su a kan dandamali, a bar hanyar da mutum zai iya ratsawa da tocila ta bayansu, a kuma riƙa juya tsofaffin kaya.

Tun ran gini, tun ran zane

Kariya mafi araha ita ce wadda aka yi kafin a zuba daɓe. Da farko a tone duk kututture da saiwa, a tono suri har uwarsa, a kuma hana leburori binne guntayen katako da buhunan siminti a cikin ciko. Bayan an daddale cikon, sai a jiƙa shi da maganin gara kafin a shimfiɗa leda a zuba kankare, tare da ba da ƙarfi a ramukan tushe da kewayen bututu. Awon da aka saba bi a wannan aiki shi ne lita 4 zuwa 5 na ruwan maganin da aka surka a kan kowace murabba'in mita. Ma'ana, gida mai faɗin murabba'in mita 150 zai sha lita 600 zuwa 750. Wannan lissafi ne da mai gida zai iya riƙewa a ka, domin ɗan kwangilar da ya zo da goyon feshi mai lita 16 ya zagaya sau biyu ya ce ya gama, ƙasa kawai ya yayyafa wa ruwa. Ba a kuma yin aikin a kan ƙasar da ta jiƙe sharkaf ko ana shirin ruwan sama.

Tsarin ginin kansa kariya ne. A ɗaga daɓe sama da ƙasar tsakar gida, a bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasa da kowane katako, a kuma karkatar da ruwan indararo nesa da bango. A ƙasar Ostareliya, inda dokar gini ta tilasta ɗaukar matakin kariya daga gara a yawancin yankuna, akan bar gefen daɓe a buɗe har milimita 75 domin a riƙa ganin hanyar laka da ido, ana kuma amfani da ragar ƙarfe mara tsatsa ko tsakuwa mai daidaitaccen girma wadda gara ba ta iya ɗauka ko ratsawa.

Idan kuwa gida ya riga ya ginu, aikin ya fi wuya, ya kuma fi tsada. Sai an haƙa rami a kewayen bango, an huda daɓe da tayil a tazarar kimanin santimita 30, an dura magani, sannan an toshe. Katakon da ya lalace sai an cire, wanda garar busasshen katako ta kama kuma sai an yi masa magani a jikinsa ko a musanya shi. A Amurka da Asiya ana amfani da tarkon abinci mai guba da gara ke ɗauka ta kai gida, dabarar da ta shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Tana aiki sosai a kan Coptotermes, amma ba ta cika tasiri a kan masu gina suri ba, saboda su abincinsu sai ya bi ta gonar funfunar da suke nomawa a cikin surin. Wannan ma wani dalili ne na tantance irin garar kafin a biya kuɗi.

Magunguna da abin da doka ta ce

Tsofaffin magina suna tuna zamanin aldrin da dieldrin da chlordane da Gammalin 20, waɗanda kan shekara da shekaru a cikin ƙasa suna aiki. Wannan daɗewar ita ce illarsu, domin suna taruwa a ruwa da kifi da jikin ɗan Adam. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004 kuma Nijeriya ke cikinta, ta haramta aldrin da dieldrin da chlordane da heptachlor, sannan a 2009 aka ƙara lindane, sinadarin da ke cikin Gammalin. Chlorpyrifos, wanda ya maye gurbinsu a wuraren gini na tsawon shekaru, shi ma an sanya shi cikin jerin yarjejeniyar a watan Mayun 2025, bayan da hukumar NAFDAC ta riga ta sanar tun 2023 cewa za ta janye shi daga kasuwa.

Magungunan da suka rage a hannun ƙwararru sun haɗa da fipronil da imidacloprid, waɗanda gara ba ta jin warinsu, sai ta ratsa ta ɗebo ta shafa wa 'yan uwanta, da kuma bifenthrin, wanda ke korar ta. Ba sa daɗewa kamar na da. A Amurka, ma'aunin da ake bi wajen yi wa irin waɗannan magunguna rajista shi ne su yi aiki na shekara biyar, saboda haka feshin tushe ba ya ɗauke wa mai gida nauyin bincike.

Akwai wajabcin taka-tsantsan na musamman a Ikorodu, inda galibin gidaje suka dogara da rijiya da burtsatse, ruwan ƙasa kuma yana kusa, ga unguwannin da ke gefen kogin Ogun da kan sha ambaliya, kamar yadda aka gani a 2010 a yankin Ajegunle da Owode da ke kan hanyar Ikorodu. Ba a dura maganin gara kusa da rijiya ko a magudanar da ke zuwa tafki, domin fipronil da bifenthrin suna kashe kifi da sauran halittun ruwa. Haka kuma maganin ƙwari na dichlorvos, wanda aka fi sani da Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019, ba maganin garar ƙasa ba ne, 'yan ƙwadagon da ke waje kawai yake kashewa. Ƙwayar adana hatsi mai fitar da iskar guba kuwa, sanya ta a gidan da mutane ke kwana ganganci ne da rai.

Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Nijeriya, wadda dokar 2002 ta kafa, ita ke ba kamfanonin feshi lasisi. Kafin mai gida ya ba da aiki, haƙƙinsa ne ya nemi ganin lasisin, ya ga gwangwanin maganin a rufe da lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, ya kuma karɓi takarda mai ɗauke da sunan sinadarin, da yawan litar da aka zuba, da ranar aiki, da tsawon garanti, da kuma abin da garantin ya ƙunsa, wato ko sake feshi ne kawai ko har da gyaran ɓarna.

Haya, ciniki da inshora

Rigimar gara takan ƙare tsakanin mai gida da ɗan haya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida alhakin gyaran sassan waje da na tarayya, ta kuma wajabta wa ɗan haya sanar da mai gida da zarar ya ga babbar ɓarna a jikin gini, tare da ba shi damar shiga ya duba. Mai gidan da ke zaune a Kano ko Sakkwato yana karɓar haya ta banki, bai kuma taka gidansa na Agege ba shekara uku, shi ya fi kowa bukatar ya rubuta binciken shekara-shekara a cikin yarjejeniyar haya, ya kuma wakilta wanda zai hau rufin da kansa.

Wajen sayen gida, 'yan kasuwa sun saba biyan lauya ya binciki takardu a ofishin filaye na Alausa, amma kaɗan ne ke biyan wanda zai binciki katako. A jihohi da dama na Amurka, ba a ba da wasu nau'o'in bashin sayen gida sai an gabatar da rahoton binciken ƙwarin katako. A nan, mai saye ne zai nema wa kansa, kuma rahoton da ya nuna ɓarna hujja ce ta neman ragi. Sabon fenti da sabon silin a tsohon gida abin tambaya ne. Bugu da ƙari, galibin takardun inshorar gidaje suna biyan gobara da ambaliya da guguwa, amma suna cire ɓarnar ƙwari da ruɓa daga abin da suke ɗauka, don haka ya kamata mai inshora ya karanta sashen keɓe-keɓe na takardarsa.

Lokacin da ya fi dacewa da bincike a Legas shi ne farkon damina, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da shinge, wanda Yarabawa ke kira esunsun, ke fitowa da daddare bayan ruwan farko ya kewaye fitilu. Wanda ya fito daga daji ya zo ga haske ba abin tayar da hankali ba ne, yara ma kan tara shi a soya. Amma idan daga cikin ɗaki yake ɓullowa, ta tsagar daɓe ko ta jikin katakon ƙofa, to gidan garar ya riga ya girma a ƙarƙashin ginin ko a cikinsa, kuma a makon ne ya kamata a kira mai bincike, kafin ruwan Yuni da Yuli ya sauka a kan rufin.